Sharhi: Laburare Na Nan, Kompaila Ta Ce Babu

Sharhinmu na yau na ɗaliban kimiyyar kwamfuta ne, da matasan da ke koyon rubuta manhaja da kansu, musamman waɗanda suka fara sa hannu a harsuna irin su Haskell da OCaml. Za mu yi magana a kan wata matsala da ta sa mutane da dama suka ajiye waɗannan harsuna tun ba su ɗanɗani daɗinsu ba.

Ga yadda take zuwa. Ka sauko da aikin wata manhaja, ka buɗe tamina, ka ba da umarni a harhaɗa ta. Kwamfuta ta kama aiki, fankarta na ƙugi, rubutu na ta gudu a allo. Can sai ta tsaya cak, ta ce ba ta ga wani laburare ba, ko ba ta ga wani fayil mai suna zlib.h ba. Ka duba, kana da tabbacin ka girka abin. Ka sake ba da umarni, amsa ɗaya. Daga nan sai zuciya ta fara raya maka cewa ko dai kwamfutarka ce ba ta da kyau, ko kuma kanka ne ba ya ja.

To, ba ɗaya daga ciki. Abin da nake so ka riƙe a wannan shiri shi ne, wannan matsala ta adireshi ce. Akwai mai nema, akwai abin da yake nema, akwai kuma jerin wuraren da aka ce ya duba. In ka gano waɗannan uku, aiki ya kusa ƙarewa.

Bari mu ɗan koma baya, domin sanin asalin cuta shi ke kai mutum ga magani. A shekarar 1987, a birnin Portland na Amurka, masana suka kafa kwamiti don samar da harshe guda da zai haɗa kan masu bin wani salo na rubuta manhaja, salon da ya ɗauki tsarinsa daga lissafi. A 1990 suka fitar da rahoton farko na harshen, suka sa masa sunan masanin manɗiƙi Haskell Curry. Kompailar da kusan kowa ke amfani da ita a yau, GHC, a Jami'ar Glasgow ta Sikotlan aka fara gina ta. Alƙawarin wannan salo guda ne, kuma mai kyau: duk fankshin ɗin da ka rubuta, in ka ba shi abu iri ɗaya, amsa iri ɗaya zai ba ka, yau da gobe da jibi, ba ya leƙa wani wuri a ɓoye. Da wannan harshe aka rubuta Pandoc, manhajar da Farfesa John MacFarlane ya fara a 2006, wadda marubuta ke juya takardu da ita daga wannan tsari zuwa wancan. Da shi kuma aka rubuta babbar manhajar Cardano, wani tsarin kuɗin intanet.

Sai dai Haskell ba ta zo duniya ita kaɗai ba. Ta tarar da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ya riga ya cika ko'ina da laburarori da aka daɗe ana gogewa. In kana son matse bayanai su ƙanƙance, ga zlib, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995. In kana son lissafi da lambobi masu tsawon gaske, ga GMP, wanda ita kanta GHC ke dogaro da shi a yawancin na'urori. In za ka yi magana da rumbun bayanai na PostgreSQL, ga libpq. Babu mai hankalin da zai sake rubuta waɗannan daga tushe, don haka Haskell ta buɗe ƙofar da take kiran kod ɗin C ta cikinta. A bakin wannan ƙofa ne alƙawarin nan ke tangal-tangal, domin sakamakon harhaɗawa ya daina dogara ga kod ɗinka kawai. Ya koma dogara ga abin da ke cikin foldodin na'urarka, da saitin da taminarka ke riƙe da shi, abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina cikin aikin ba. Shi ya sa aiki ke tafiya lafiya lau a kwamfutar abokinka, ya ƙi a taka.

Ka ɗauka kamar mutum ne ya tura 'yan aike biyar kasuwa, kowanne da abin da zai sayo, kowanne kuma an lissafa masa rumfunan da zai leƙa, ba zai wuce su ba. In ɗaya ya dawo hannu rabbana, ba za ka gyara komai ba ta hanyar ƙara wa ɗan'uwansa kwatance. Dole ka san wane ne ya dawo.

Na farko ita ce GHC da kanta, tana neman fayilolin da kai ka rubuta. In ka sa wa wani sashe suna Data.Lissafi, za ta nemi folda mai suna Data, a cikinta fayil mai suna Lissafi.hs, kuma za ta fara neman ne daga inda ka nuna mata a layin hs-source-dirs na fayil ɗin cabal, wato fayil ɗin da manhajar Cabal ke karantawa don tsara harhaɗa aikin. A nan ka kula da manya da ƙananan baƙaƙe. Windows da Mac, a yadda suke zuwa, ba su damu da bambancin ba, amma Linux ta damu.

Na biyu shi ne mai neman ƙunshin Haskell da wasu suka rubuta. Saƙonsa yakan ce bai ga wani sashe ba, misali Data.Map, ya kuma ƙara da cewa sashen yana cikin wani ƙunshi da aka ɓoye, mai suna containers. Mutane da yawa a nan sukan fara cusa hanyoyin folda, alhali babu hanyar da za ta yi magani. Ƙunshin na nan, Cabal ce ta ɓoye shi da gangan saboda ba ka ambace shi cikin abubuwan da aikinka ke buƙata ba. Ka rubuta containers a ƙarƙashin build-depends, shi ke nan.

Na uku ita ce kompailar C, wato gcc ko clang, wadda GHC ke kira a bayan fage. Ita fayilolin heda take nema, masu ƙarewa da harafin h, waɗanda ke bayyana sunayen ayyukan da ke cikin laburare da irin abin da kowanne ke karɓa. Ana ƙara mata wurin dubawa da alamar -I, babban harafi, ko kuma extra-include-dirs a Cabal. Ka lura, a GHC ƙaramin -i na fayilolin Haskell ne, babban -I na hedar C ne. Wannan ɗan bambanci ya ci wa mutane lokaci mai yawa.

Na huɗu ita ce linka, mai ɗinke gutsattsarin da aka harhaɗa su zama manhaja guda. Ita ba ruwanta da heda, gangar jikin laburaren take so: fayil mai ƙarewa da so a Linux, ko dylib a Mac, ko kuma mai ƙarewa da a. In ta ce ba ta ga -lz ba, libz take nufi, domin da kanta take liƙa lib a gaban sunan. Ana nuna mata hanya da -L, ko extra-lib-dirs.

Na biyar kuwa ba ya fitowa sai komai ya kammala. Manhaja ta harhaɗu, ka yi murna, ka kunna ta, sai ta ce ta kasa buɗe wani laburare. Wannan mai ɗora laburare ne a lokacin da manhaja ke tashi, kuma jerinsa daban ne da na linka. A Linux, umarnin ldd zai lissafa maka duk laburaren da manhajar ke buƙata, ya nuna wanda ba a samu ba.

Idan an fahimci wannan, ga yadda ake bin sawu. Da farko, ka koma sama ka karanta kuskuren farko. Layukan ƙarshe galibi kukan abin da ya biyo baya ne, ainihin dalilin yana can sama. Ka tambayi kanka, cikin biyar ɗin nan wa ke magana?

Sai tambaya ta biyu: shin fayil ɗin yana cikin na'urar da gaske? A nan ne mafi yawan masu Ubuntu da Debian ke tuntuɓe. Waɗannan tsare-tsare suna raba kowane laburare gida biyu. Ƙunshin zlib1g yana zuwa da abin da manhajoji ke buƙata don su yi aiki, wato libz.so.1, kuma kusan kowace na'ura tana da shi tun ranar da aka girka ta. Amma zlib.h, da ɗan fayil ɗin libz.so maras lamba wanda linka ke nema, suna cikin wani ƙunshi daban mai suna zlib1g-dev. Saboda haka kai da kompaila duk kuna da gaskiya: laburaren na nan, rabin da take buƙata ne babu. A Fedora irin waɗannan ƙunshi da devel suke ƙarewa. Ita ma Cabal, in ka karanta saƙonta zuwa ƙarshe, takan faɗa maka cewa wataƙila nau'in dev kake buƙata, ta kuma ambaci zaɓuɓɓuka biyun da za ka nuna mata hanya da su in laburaren yana wani wuri da ba a saba ba.

Tambaya ta uku: a ina aka duba? Kada ka yi zato, ka tambayi na'urar, matambayi ba ya ɓata. Ka ƙara -v3 a ƙarshen umarnin cabal build, za ta nuna maka ainihin umarnin da ta tura wa gcc, da kowane -I da kowane -L a jere. Ita ma gcc, in ka kira ta da -E da -v, za ta lissafa foldodin da take dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ka ajiye wannan jeri kusa da inda fayil ɗin yake, giɓin zai fito fili. Akwai kuma wata dabara da nake matuƙar so: ka fita daga Haskell gaba ɗaya, ka rubuta ɗan fayil ɗin C mai layi biyu ko uku wanda ba ya yin komai sai kiran zlib.h, ka harhaɗa shi da gcc. In ya ƙi, ka san Haskell ba ta da laifi. In ya yi, to saƙo ne bai isa daga Cabal zuwa gcc ba.

Bari in kawo misalai biyu na zahiri. A watan Nuwamban 2020 kamfanin Apple ya fitar da kwamfutoci masu sabuwar ƙwaƙwalwa ta M1. Homebrew, manhajar da masu Mac ke girka laburarori da ita, ta daɗe tana zuba kayanta a /usr/local, wurin da clang ke dubawa ba sai an ce mata ba. A sababbin na'urorin kuwa sai ta koma /opt/homebrew, wurin da ba ya cikin jerin clang. Nan take umarnin da ya yi shekaru yana aiki ya daina. Ka girka GMP da Homebrew, ta ce ta gama, kompaila ta ce ba ta ga gmp.h ba. Babu abin da ya lalace, adireshi ne ya sauya. Magani shi ne a nuna /opt/homebrew/include ga mai neman heda, /opt/homebrew/lib kuma ga linka. Wani tarko ya biyo baya: mutum na iya zama da GHC ta tsohuwar ƙwaƙwalwar Intel tana gudana ta hanyar Rosetta, manhajar da ke fassara kod ɗin Intel ga sabuwar ƙwaƙwalwa, laburarensa kuma na sabuwar ƙwaƙwalwa. Hanya daidai, fayil na nan, amma linka ta ƙi karɓa domin ginin bai zo ɗaya ba. Umarnin file zai gaya maka wace ƙwaƙwalwa aka gina kowanne dominta.

Misali na biyu daga Cardano ne. Mai son harhaɗa babbar manhajarta daga tushe yana buƙatar laburaren sirranta bayanai mai suna libsodium, amma ba wanda aka saba ba, wani reshe ne da masu aikin suka ƙara wa wasu ayyuka na musamman. Yakan sauka a /usr/local/lib. To, in na'urarka tana da libsodium na gama-gari a wani wuri, yanzu laburare biyu ke nan masu suna ɗaya. Mai nema yana bin jerinsa daga sama, wanda ya fara cin karo da shi ya ɗauka, ba ya ƙara gaba. In ya ɗauki na gama-gari, ba zai ce bai ga laburare ba, zai ce bai san wasu sunaye masu farawa da crypto_vrf ba. Duk lokacin da ka ga an samu laburare amma an rasa suna a cikinsa, ka zargi tsarin jeri, ko kuma sigar laburaren. Wannan ne dalilin da ya sa jagorar girka manhajar ke umartar mutum ya sa /usr/local/lib a farkon LD_LIBRARY_PATH, ya kuma sa foldar pkgconfig da ke cikinta a PKG_CONFIG_PATH.

Wannan pkg-config ɗin ya cancanci ka san shi sosai. Laburarori da yawa suna zuwa da ɗan fayil mai ƙarewa da pc, wanda ke ɗauke da adireshin hedarsu da na gangar jikinsu da lambar sigarsu. In ka ce pkg-config --cflags --libs libsodium, zai karanto maka ainihin -I da -L da suka dace da na'urarka. Maimakon ka haddace adireshi, sai ka bar laburare ya faɗi inda yake da bakinsa.

Masu OCaml, harshen da cibiyar bincike ta Inria a Faransa ta fitar a 1996, ku ma labarin ɗaya ne da wasu sunaye. In kompaila ta ce ba ta san wani sashe ba, ku fara duba ko kun rubuta laburaren a layin libraries na fayil ɗin dune, takwaran fayil ɗin cabal. Sannan ku tuna opam, manhajar girka kayan OCaml, na iya riƙe kompaila fiye da ɗaya, kowacce da ɗakin kayanta. In ka buɗe sabuwar tamina ba ka ɗora saitin da opam env ke bayarwa ba, za ka girka abu a ɗaki ɗaya, ka neme shi a wani. Umarnin ocamlfind query zai nuna maka inda laburare yake a ɗakin da kake ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato inda ake rubuta gyaran. Akwai hanyoyi uku na gaggawa da nake roƙonku ku guje musu. Ta farko, kwafe fayil ɗin heda da hannu a jefa shi cikin /usr/include da ikon sudo. Yau zai yi aiki. Ranar da aka sabunta laburaren, tsohuwar heda za ta zauna tana bayanin abin da ya riga ya sauya, kuma babu wanda zai tuna ita ce sanadi. Ta biyu, a ga manhaja na neman laburare mai lamba 5, na'ura kuma tana da mai lamba 6, sai a yi masa laƙabi da 5 don a rufe bakin mai nema. Wannan lamba ba ado ba ce, masu laburaren sun ɗaga ta ne don su sanar cewa tsarin ciki ya sauya. Manhajar na iya tashi, ta faɗi a tsakiyar aiki, ko ta ba da amsar da ba daidai ba ba tare da ta yi ƙorafi ba. Ta uku, a share komai a sake saukowa da GHC da dukan ƙunshi. Duk wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, yana kuma tseren gama aiki kafin a ɗauke wuta, ya san tsadar wannan. Bayan an gama kuma kuskuren na nan daram, domin ba a taɓa jerin wuraren nema ba.

Hanyar da ta dace ita ce a raba abu biyu. Abin da aikin ke buƙata, a rubuta shi cikin fayil ɗin cabal wanda kowa zai samu: pkgconfig-depends in laburaren yana da fayil ɗin pc, ko extra-libraries in ba shi da shi. Inda abin yake a na'urarka kuwa, wannan naka ne kai kaɗai, ka sa shi a cabal.project.local, kada ka tura shi rumbun da kuke tarayya. In ka cusa adireshin foldarka a fayil ɗin kowa, ka warware taka matsalar, ka ɗaura wa duk wanda zai zo bayanka. Sannan ka buɗe fayil ɗin README ka rubuta layi biyu: ga ƙunshin da za a girka a Ubuntu, ga na Mac. Wannan shi ne cika alƙawarin da harshen ya ɗauka tun farko, a fito da duk abin da aiki ya dogara da shi fili.

Akwai waɗanda suka kai wannan tunani maƙura. Eelco Dolstra, a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, ya fara aikin Nix a 2003, ya kuma kare digirinsa na uku a kansa a 2006. A Nix, kowane laburare yana zaune a foldarsa shi kaɗai a ƙarƙashin /nix/store, da suna mai ɗauke da tambarin da aka lissafo daga duk abin da aka gina shi da shi. Kompaila ba ta ganin komai sai abin da aka ambata a rubuce. Tsari ne mai kyau ƙwarai, musamman ga ƙungiyar da ke aiki tare. Amma yana cin data da wurin ajiya, koyonsa kuma yana ɗaukar lokaci. Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara fahimtar masu neman nan biyar da hannunsa, domin ko a Nix, ranar da abu ya ƙi, wannan sanin ne zai fitar da shi.

Ina kira ga malamanmu na jami'o'i da kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyar da matasa: a ware wa wannan batu darasi na musamman. Muna koya wa ɗalibi rubuta kod, muna barinsa ya gano yadda kod ke zama manhaja shi kaɗai cikin dare. A ba shi aiki da aka cire wa heda da gangan, a ce ya nemo dalili, ya kuma bayyana wa aji yadda ya gano.

Kai kuma ɗalibi, ke kuma ɗaliba, in za ku nemi taimako, ku taimaki mai taimakonku. Ku faɗi tsarin da na'urarku ke gudana a kai, da sigar GHC da ta Cabal, da ainihin umarnin da kuka bayar, ku kuma kwafo kuskuren farko a rubuce, ba hoton allo da aka ɗauka da waya ba. Sau da yawa, kafin ku gama tattara waɗannan bayanai, kun riga kun ga amsar da kanku. In kun samu mafita, ku rubuta ta inda na baya zai gani.

A nan za mu dakata a sharhinmu na yau. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya ba mu haƙurin nemansa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, ku huta lafiya.